Wata Biyar Ba Kaza a Kwanon Malam

Mijina kaji yake sayarwa. Sana'ar da ya gada ke nan, kuma ita ya yi fiye da shekara talatin yana yi a rumfa guda, gefen masu kaji a kasuwa. Gidanmu yana Ƙofar Kware, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Da hantsi yake fita da ƙafa, ya dawo bayan la'asar da gashin kaza ɗaya ko biyu maƙale a hularsa. Malam nake ce masa. In ya ɗaga kaza ya danna ƙirjinta da babban yatsa, zai gaya maka ko kiwo ta samu ko dusa aka cusa mata a hanya don ta yi nauyi. Ban taɓa jin wanda ya dawo masa da kaza ba.

A gidanmu kaza ba sai da Sallah ba. Wadda ta karye a keji, ko wadda zafin rana ya galabaitar, yakan sa a yanka ya aiko da ita gida. Shi ƙirji yake ci, ni fuka-fuki, yara su raba sauran. Haka muka zauna har yaran suka yi aure suka watse, muka rage mu biyu.

An daɗe da gaya masa yana da ciwon suga, yana shan magani, ba mu ɗauki abin da zafi ba. Sai ranar da wayar keji ta soke shi a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama. Bai ji ba. Ni na ga jini a takalminsa da ya cire zai yi alwala. Muka wanke, muka ɗaure. Sati biyu wurin bai rufe ba, sai ma buɗewa da ya ƙara yi, bakinsa ya yi fari.

A asibiti likita ya duba ƙafar sosai. Sannan ya ce za a riƙa wanke ciwon sau biyu a sati, kuma Malam ya daina takawa da nisa. Ya ce in ya rufe, shi ke nan. In bai rufe ba za a cire yatsan, kuma in aka fara cirewa ba kullum abin yake tsayawa a yatsa ba.

Wannan maganar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Mahaifiyata da ƙafa ɗaya ta rasu. Daga yatsa aka fara, aka koma idon sawu, aka ƙare a gwiwa. Ni na yi jinyarta. Saboda haka da likita yana magana, ba ƙafar Malam kaɗai nake gani ba.

Ya yi mana bayanin abinci a tsaye, don mutane sun cika layi. Ya ce a rage tuwon shinkafa da burodi, a bar suga a koko da fura, a rage mai. A yawaita wake da ganye. Nama kuma a cire kitse, kaza a cire fata. Haka ya faɗa, haka kuma na ji. Ba zan ɗora wa kowa abin da ya biyo baya ba.

Ni karatuna firamare ne da islamiyya. Abin da na sani game da ciwon suga shi ne abin da mata ke faɗa a gidan biki da gidan suna, cewa ciwon daɗi ne, wanda bakinsa ya saba da daɗi shi yake kamawa. Na zauna na yi lissafina ni kaɗai. Me ya fi daɗi a gidan nan? Kaza. Me Malam ya fi ci tsawon rayuwarsa? Kaza. Na ce to ga ɓarawon. In ragewa tana da amfani, bari gaba ɗaya ya fi. Daga ranar na ɗauke kaza daga kwanonsa, na haɗa da naman shanu da na rago da ƙwai, ban yi shawara da kowa ba.

Wata maƙwabciyata da ta taɓa zama a Jos ita ta ce mini akwai wani jan wake babba da ake kawowa daga can, ya fi namu na gida kyau ga mai suga. Na sa aka nemo mini a kasuwa. Ja ne wur, mai sheƙi, ƙwaya ɗaya ta yi biyun farin wakenmu. Ta ja mini kunne cewa ba a yi masa dahuwar gaggawa. Sai an jiƙa shi tun magariba, da safe a zubar da ruwan, a sake wani, a bar shi ya tafasa sosai har ya yi lugub, in ba haka ba yana ɓata ciki. Na kiyaye duk wannan. Ina dafa shi da albasa da ɗan tattasai, wani lokaci da zogale, wani lokaci da alayyahu.

Ranar farko Malam ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta a tafin hannunsa.

"Wanga ai ƙodar ɗan akuya ce," in ji shi. "An dai rage mata girma."

"Ci dai, Malam."

"Ina ci, Likita."

Sunan da ya sa mini ke nan tun daga ranar. In na ajiye kwano sai ya ce, "Likita, yau mi munka samu?" In ce wake. Ya ce, "Jiya fa?" In ce wake. Ya ce, "Alhamdu lillahi, gobe ba sai na tambaya ba." Iyakar ƙorafinsa ke nan. Bai taɓa ture kwanon ba. Amma bai taɓa cinyewa ba. Yakan yi loma kaɗan, ya ce cikinsa ya cika, ya sha ruwa. Gaskiya yake faɗa, waken yana da cika ciki. Ni kuma ina ganin sugan ya sauka a ɗan abin gwajin da muke da shi, sai in ji daɗi, in ce hanya ta miƙe.

Sai maganar dubiya. A cikin masu kaji, in ɗayansu ya kwanta, ba a zuwa gaishe shi hannu biyu. Kowa da kazarsa, wani a fige, wani matarsa ta yi farfesu ta zubo a kwano mai murfi. Kuma al'adar ita ce mara lafiya ya buɗe a gaban wanda ya kawo, ya kurɓi romo ko sau ɗaya ne, a ce Allah ya sa kaffara. Malam da kansa ya kai wa mutane irin wannan kwanon ba adadi. Yanzu aka fara kawo masa.

Ni nake tarar kwanon a zaure. In karɓa, in yi godiya, in wuce da shi madafa. Da yamma in rarraba wa maƙwabta. Lungunmu bai taɓa cin kaza kamar wannan watannin ba. Malam yana ɗaki yana jin ƙamshin yana wucewa ta ƙofarsa. Baƙi su shiga su gaishe shi, su waiga ba su ga kwanonsu ba, shi kuma ya ce musu, "An kai ciki, sai an jima." Yana rufa mini asiri, ni a lokacin gani nake ni nake rufa masa.

Ƙanensa, wanda ya riƙe masa rumfa, kullum yana biyowa bayan an tashi kasuwa. Tun ina amarya muke wasa da shi, matata yake ce mini.

"Matata, in kin hana babban miji, ai sai ki ba ƙarami. Ga ni, lafiyata lau."

"Kai ko ƙashi ba ka samu. Ka biya sadaki tukuna."

"Sadakina na nan cikin keji, suna cara."

Ya yi dariya, amma da zai fita ya tsaya a bakin zaure ya rage murya. Ya ce, "Kin ko lura da wuyan rigarshi?" Na ce me ya samu wuyan rigar. Ya ce, "Ya yi mishi yawa." Na ce ciwo ne, ciwo yana ramar da mutum. Ya fita.

Yayarsu ita ba ta iya rage murya ba. Daga unguwar Minanata ta zo da kwanonta, farfesun kazar Hausa, ta ƙi ba ni a zaure. Ta shige har ɗaki ta ajiye a gabansa ta buɗe. Na bi ta na mayar da murfin.

"Yaya, an hana shi."

"Wa ya hana shi?"

"Asibiti."

"Asibiti ko ke? Ɗan masu kaji, jikan masu kaji, ki tsare shi da wake awa ɗan kurkuku? Dubi hannunshi. Ke yarinya, garin neman gira kada ki rasa ido."

Na haura hamsin a lokacin, amma a wurinta yarinya nake. Na ce mata na ga abin da ciwon nan ya yi wa uwata, ba zan zauna ya yi wa mijina ba. Ta ce uwata daban, ƙanenta daban. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, bar ta. Ita ka kwana da ciwon, ba mu ba." Ta ɗauki mayafinta ta tafi, ta bar kwanon. Shi ma maƙwabta suka ci.

Wata biyar muka yi a haka. Ciwon bai ci gaba ba, bai kuma rufe ba. Yana nan kamar bakin kwalba, ba ja ba fari. Malam yana shafa a kan bandeji in zai yi alwala, yana salla a zaune. Wandonsa sai da na rage masa ƙugu don ya zauna masa. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango. Likita ya fara cewa nan da 'yan makonni za a zauna a yanke shawara a kan yatsan.

A wani zuwa wankin ciwon ne ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a kan sikeli, ta duba katinsa, ta sake duba sikelin. Ta ce kafin mu tafi mu biya wani ɗaki a ƙarshen baranda, akwai malama mai kula da abincin marasa lafiya. Ban ma san akwai irin wannan aikin ba.

Mace ce matsakaiciya, mai magana a hankali. Ta ba mu kujera ta ce in gaya mata abin da ya ci jiya, daga safe har dare. Na jero mata da ƙarfin gwiwata. Koko ba suga. Jan wake da zogale. Da dare jan wake da ɗan tuwon alkama.

"Madalla," in ji ta. "Shekaranjiya fa?"

"Haka."

"Nama fa, Hajiya? Ko kifi, ko ƙwai?"

"Wata biyar bai taɓa ba."

Na faɗa ina jiran yabo. Ta ajiye biro.

Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Ni na ce ba ni so, Malama. Ya fita raina."

Mutumin da ko a ciniki ban taɓa jin ya yi ƙarya ba. Na ce, "Ba haka ba ne. Ni na hana. Na ɗauka kaza ce ke hawar da suga."

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce kaza ba ta da sitaci ko kaɗan, ba ita ke hawar da suga ba. Abin da ake gudu a jikinta fata ne da kitse, da man da ake soya ta, da gishirin da ake cika wa romo. Ta ce waken ma da nake ba shi, shi ne mai sitaci, sai dai yana da ɓawo da dusa a jikinsa masu sa abinci ya narke sannu a hankali, shi ya sa sugan ba ya tashi da gudu, kuma suna gyara ciki. Wannan kaza ba ta da shi. Ta ce waken alheri ne, kada in bari.

Sannan ta buɗe tafin hannunta ta nuna mini. Ta ce ciwo nama ne ya ɓace, kuma jiki sai ya samu abin gini kafin ya cike ramin. Abin ginin nan, furotin, akwai shi a wake, akwai shi a kaza, amma ba yawa ɗaya ba. Tsokar ƙirjin kaza kamar tafin hannun nan, sai mutum ya ci dafaffen wake kusan ninki ukunta kafin ya samu abin da ke cikinta.

"Ludayi nawa yake cinyewa?"

"Ɗaya. Wata rana ɗaya da rabi."

"Kin gani. Cikinsa yana cika kafin jikinsa ya samu rabonsa."

Ta ƙara da cewa akwai wani sinadari da jini da jijiyoyi ke bukata, ana samunsa a nama da kifi da ƙwai da nono, babu shi a wake sam. Ta duba takardun gwajinsa ta ce ƙodarsa lafiya take, don haka ba abin da zai hana shi cin tsoka kullum daidai kima. Ta ce a haɗa su biyun, ba kishiyoyin juna ba ne a tukunya.

Muka shiga Keke Napep zuwa gida. Ina ta ƙirga kwanonin da na tare a zaure, na kasa kai ƙarshensu. Da muka zo wajen Hubbare cunkoso ya tsayar da mu, masu ziyara suna tsallakawa. Malam yana kallon waje ya ce, "Likita, ashe ke ma akwai babbarki." Na juya fuskata gefe. Ya ce, "To mi na na kuka? Wake kika ba ni, ba guba ba."

Da yamma ya aika wa ƙanensa ya kawo kaji uku masu rai. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Ya karɓi ta farko ya danna ƙirjinta ya miƙa masa.

"Wagga ta sha wahala ta fi ni."

Ta biyu ya ce tsohuwa ce, sai an kwana ana dafa ta. Ya dubi ƙanensa ya ce, "Haka kake saye in ba ni nan? Rumfar tana nan kuwa?" Ƙanen ya ce, "Tana nan, sai dai kajin sun ce ba su san ni ba." Ta ukun ya daɗe yana riƙe da ita. Budurwar kaza ce, baƙa mai ɗigon fari. Ya ce, "Wagga."

Na fige ta da kaina. Na cire fatar duka, na yanke kitsen da ke gindinta. Na dafa da citta da tafarnuwa da masoro da albasa, gishiri ɗan kaɗan. Na zuba masa ƙirjin da romo a kwanon da yayarsa ta bari, wanda ban samu fuskar mayar mata ba. Ya yi bisimilla. Ya ci a hankali, yana yagar tsokar siri-siri. Na zauna nesa kaɗan ina tsintar shinkafar da ba ta bukatar tsinta. Da ya kusa gamawa ya ɗago.

"Ina ƙodar akuyata?"

"Na ɗauka ka gaji da ita."

"Mun saba. Zubo kaɗan cikin romon."

Haka abincinsa ya koma. Tsoka kamar tafin hannu, jan wake ludayi guda, ganye a gefe. Wata rana kifi ko ƙwai a madadin kazar. Washegarin ranar da ya fara cin kazar na tafi Minanata da ƙafata na mayar wa Yaya kwanonta, ba wofi ba. Ta buɗe ta ga farfesu ba fata, ta ce, "Wa ya yi wa kazar ga tsirara?" Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar, har yau.

Ba zan ce kaza ce ta warkar da ƙafar ba. A lokacin an canja masa magani, an kuma canja abin da ake sa wa ciwon. Abin da na gani da idona shi ne, bayan 'yan makonni cikin ramin ya fara yin ja, irin jan nama mai rai, bakinsa ya fara matsowa. Ranar da aka sa don yanke shawara ta zo, likita ya duba ya ce a ƙara wata guda. Da watan ya cika ya ce a ƙara wani. Daga nan ba a sake maganar ba. Ranar da aka cire bandeji na ƙarshe, Malam ya zauna a bakin rariya ya wanke ƙafar da ruwa har idon sawu, sau uku, ya taka zuwa masallacin lungu da sanda.

Ya koma kasuwa, ba kullum ba. Yakan zauna a benci ya bar ƙanensa da ɗaga keji, shi nasa danna ƙirji da faɗa. Ya yi azumin da likita ya yarje masa, ya yi Sallah ƙarama da mu.

Bayan Sallar da 'yan kwanaki, ya dawo daga la'asar ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, zai ɗan kishingiɗa. Na tafi ɗebo masa ruwa. Kafin in dawo ya cika. Zuciya ce, in ji likita. Ban tambaye shi ko wata biyar ɗin nan suna da hannu a ciki ba. Na yi niyya, na je har bakin ƙofarsa bayan na fita takaba, na juyo. Kwana ya ƙare, wannan na sani. Sauran ban sani ba.

Ƙanensa ne ya yi masa wanka, shi da limamin lungu. Da suka dawo daga maƙabarta, gida cike da mata, ya tsaya a bakin ɗakina bai shigo ba. Bai ce matata ba. Tun ranar bai sake faɗa ba.

"Hajiya."

Na amsa.

"Na ce bari in gaya miki. Yatsunshi goma cif. Na wanke tsakaninsu ɗaya bayan ɗaya. Wurin ciwon ɗan tabo ne kawai, awa ƙwayar gero."

Na ce Allah ya saka da alheri. Ya ce amin, ya koma zaure wurin maza.

Masu kaji sun zo gaisuwa, kuma ba su zo hannu biyu ba. Kwanoni suka jeru a bakin madafa. Ban tare ko ɗaya ba. Da aka kawo na Yaya ta buɗe da kanta ta ajiye a gabana, ta tsaya a kaina. Na ɗauka na kurɓi romon.